Dannawa Biyu a Kwamfutar Baffa

A Gwagwalada Murtala ya fara ganin Kauthar, tana shanya shafukan wani jiƙaƙƙen littafi a bakin ofishin mahaifinta. Baffa Maude malamin dabbobi ne, shekara ashirin yana rubuta rigakafin garken makiyaya a ciki, ruwan sama ya yi masa ta'adi.

"Zan rubuta muku manhajar da ruwa ba ya ci," in ji shi.

"Fara taya ni shanya tukuna," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ya taya ta, tun daga ranar kuwa ƙafarsa ta san hanya.

Sai dai Baffa bai yarda da sana'ar da ba a ganinta a hannu ba. Ga Yamusa, ɗan amininsa, magabatansa na jiran amsar neman auren Kauthar ranar Juma'a.

Ran Litinin Murtala ya iso da manhajar a filas ɗin kwamfuta yana taƙama. Da Java, wani yaren kwamfuta, ya rubuta ta, a kwamfutarsa gudu take yi. Baffa ya danna sau biyu a tasa. Shiru. Tsohuwar kwamfutar ba ta da Java, manhajar kuwa ba ta tashi sai da shi, ofishin kuma ba intanet balle a sauko da shi.

"Baba, wallahi a tawa tana aiki."

"Ni kuma a tawa nake aiki. Ka yi mini abu ba ka tambayi me nake da shi ba. Haka za ka riƙe mini 'ya?"

Kunya ta rufe Murtala, ya fita. Bai kai titi ba saƙon Kauthar ya shigo: "Nawan, na ji komai ta taga. Kwana huɗu ya rage, kuma tsoro nake ji."

Ya amsa: "Sanyin idona, akwai gyara. Zan ƙunshe Java a cikin manhajar, ta tafi da guzurinta. Matsalar ita ce kwamfutata samfurin Mac ce, ta Baffa mai Windows ce, ƙunshin Windows kuwa sai a kan Windows ake haɗa shi."

"To ka dawo ka roƙi ta Baffa."

Da ta ce ya shiga wuta da ya fi masa sauƙi. Amma washegari ya durƙusa ya roƙa, Baffa ya tura masa kujera.

Kwana uku suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Nan Murtala ya koyi cewa makiyayi ba ya kiran saniya da lamba, sai da launi da ƙaho. Ya goge rabin aikinsa, ya sake, yana tambaya kafin ya taɓa komai.

Bayan sallar Juma'a magabatan Yamusa suka shimfiɗa tabarma a waje. Kauthar na bayan taga, ta ƙanƙame mayafinta. A allon kwamfutar ga ɗan hoton jar saniya, alamar manhajar. Baffa ya gyara tabarau, ya danna sau biyu.

'Yar da'irar jira ta yi ta juyawa a allon. Zufa ta karyo wa Murtala.

Sai manhajar ta buɗe, da garken farko na tsohon littafin a sama.

Baffa ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙe.

"Bari in je in ba baƙina haƙuri. Kai kuma ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da zai miƙa amarya, Baffa ya riƙe hannun Murtala.

"Ga ta nan, ita ma na haɗa ta da duk abin da take buƙata. Ka dai riƙa tambayarta. Allah Ya yi muku albarka."