Gurbin Firizar Afra'u

Da hantsi ne, ranar bazara ta fara cizo tun ba a je ko'ina ba, iska ko ganye ba ta kaɗawa. Munzali ya kafe babur ɗinsa a ƙofar gidan surukansa a Tarai, ya shiga zaure ya raɓe a bakin tabarma kamar baƙo. Tun daga Rano yake bitar abin da zai faɗa, amma yana jin takun matarsa, duk maganar ta tsere masa.

Afra'u ta shigo da jariri a kafaɗa. Ta rame. Ba ta zauna ba.

"Ina kwana, Malam Munzali."

Malam! Ita da Masoyi take ce masa tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.

"Afra... hasken idona, ki zauna mana."

"Haske? Maza a kashe, kar ya cinye muku kati."

Ya sunkuyar da kai. Ya san wannan maganar shi ya sayo ta da hannunsa.

To, abin da ya faru kuwa shi ne, gidan su Munzali gidan gandu ne. Ga sashen mahaifiyarsu Inna, ga na yayansa Isyaku da iyalinsa, ga nasu shi da Afra'u, kuma duk mita ɗaya ce. Tun da aka sa musu mita mai kati zaman lafiya ya ƙaura. Yau a sayi wuta, jibi ta fara ƙyafta jan ido. Yaya Isyaku, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu, ya kafa doka: kowane ɗaki ƙwai ɗaya, shi ma farin nan mara cin wuta, ba hita, ba risho na lantarki, wanda ya fita ya zare komai daga soket.

Afra'u ba ta yi musu ba. Ta naɗe wayar hitarta ta jefa a akwati, ta koma guga da dutsen gawayi, ta sayo randa. Abu ɗaya ta roƙa a bar mata, firizarta. Da ita take yin ƙanƙara da zoɓon sayarwa, kuma cikin kayan ɗakinta ita ce wadda mahaifinta, Malam Shitu, ya sayar da bijimin huɗarsa ya saya mata. Bai ga jikansa ba, tana da ƙaramin ciki Allah ya yi masa rasuwa.

Da cikin ya tsufa aka zo aka tafi da ita gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa 'yar haihuwar fari. Ko sati ba ta yi ba Yaya Isyaku ya leƙo ɗakin Munzali ya nuna firizar.

"Mai abu ba ta nan, me wannan take yi a kunne tana shan jininmu?"

Munzali ya zare ta daga soket. Bayan kwana biyu Yaya ya ce a kai shagonsa a ajiye. Munzali ya kama gefe ɗaya, suka ɗora ta a kura. Ba a daɗe ba ya ji an sayar wa wani mai lemo ya wuce da ita Kano, da kuɗin kuma an haɗa wa Inna 'yar sola da fanka saboda hawan jininta ba ya son zafi.

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya hango Inna tana barcin rana a gaban fankar, irin barcin da ta daɗe ba ta samu ba. Ya haɗiye.

Ranar da Afra'u ta gama wankan jego, 'yan uwanta mata suka rako ta da buɗa. Gwaggonta Jummai ce ta fara shiga da tsintsiya za ta gyara ɗakin mai jego. A kusurwa babu komai sai shatin ƙafafun firiza a jikin leda. Ko ruwan gidan ba su sha ba, motar da ta kawo su ita ta mayar da su.

Yau ga shi ya zo biko, shi kaɗai, don Yaya ya ce ba zai je ya durƙusa a kan akwatin ƙarfe ba.

"Zan saya miki wata, wallahi. Da kaka, in na sayar da shinkafa... wadda ta fi ta ma."

"Wadda ta fi ta?" Muryarta ta karye. "Ranar da Baba ya kai bijimin nan kasuwa, da ya dawo ko tuwo bai iya ci ba. Da fartanya ya yi noman shekarar, yana tari. A wane shago za ka samo min wannan?"

"Ki yi haƙuri..."

"Haƙuri! Da cikina wata bakwai na kashe fanka ina fifita da murfin kwano, don kar Yayanka ya ji ƙararta. Gawayi ya ƙona min zanen fitar biki, na yi dariya. Wane haƙurin ne ban yi ba?"

"Kin yi, Afra. Allah ya sani kin yi."

"Da kun ce min don Inna ne, wallahi da hannuna zan bayar. Uwata ce ita ma! Amma kullum sai ka kira ni, me kika ci, ya bayanki, yaron yana motsi? Kullum! Ka zo suna ka zauna a zauren nan ka ci naman rago. Bakinka bai taɓa suɓucewa ka ce min an sayar da ita ba?"

"Tsoro na ji."

"Tsoron wa? Nawa ko nasa?"

Jaririn ya motsa yana 'yar ƙara. Sunan Malam Shitu aka mayar masa, ana kiransa Amiru. Munzali ya miƙa hannu a hankali, kamar mai tsoron a hana shi. Ta ɗan yi jim, sannan ta ba shi.

Yaron ya yi nauyi. Ya kama ɗan yatsan ubansa ya riƙe gam. Munzali ya ji hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Afra'u ta zauna a ƙarshen tabarma, ta kawar da fuska.

"Ina sonka, Masoyi. Shi ne abin da ya fi ci min rai." Ta ja numfashi. "Amma ba zan koma ɗakin da wani zai ɗaga labule ya ɗauki abin da ya ga dama kana riƙe masa gefe ba. Ka kama mana ɗaki. Ko ciki ɗaya ne, ko babu wuta sam. Da aci-balbal ma zan zauna da kai."

Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya kawai ake jira. Sai ya tuna shi ke kai Inna asibiti, shi ke matsa mata ƙafa, Yaya ko sunan maganinta bai sani ba.

"To... Inna fa?"

Ta daɗe tana kallonsa. Babu faɗa a idonta yanzu, gara ma da faɗan.

"Na ji amsarka."

"Afra, ba haka nake nufi ba! Ki ba ni lokaci..."

"Lokacin da ka samu ai ya isa a yi magana." Ta karɓi yaron ta saɓa. "Duk ran da ka so ganinsa, zauren nan a buɗe yake. Ka gaida Inna, ka ce ina yi mata sannu da jiki."

Ta miƙe da sauri don kar ya ga fuskarta. A bakin ƙofa hancin silifas ɗinta ya fice, ta yi tuntuɓe, ta bar shi nan ta shige da ƙafa ɗaya ba takalmi.

Munzali ya ɗauko silifas ɗin. Ya fita ya tsinto 'yar ƙusa a gindin katanga, ya zauna a dakali ya tura hancin ya soke shi ta ƙasa, ya lanƙwashe tsinin da dutse don kar ya sokar mata ƙafa. Ya goge ƙurar da bakin rigarsa, ya ajiye shi a ƙofar shiga gida.

Yana tura babur ya waiwaya. Hannu ya fito ta bayan asabari, ya ɗauke takalmin, ya koma.