Fim ɗin da Muntasir Bai Taɓa Ji Ba

Ciniki ne ya haɗa su ranar farko. Raudatu ta sauka daga keke napep a ƙofar shagon Oga Akinola da ke Sabon Gari, rungume da talabijin ɗin babanta naɗe cikin zanen gado. Ta ce lallai a gyara kafin Alhamis, domin ranar ce ake nuna fim mai dogon zango da gidansu ke kallo, kuma in Baba ya rasa kashi ɗaya, sai mako ya zagayo ba a ga haƙorinsa ba.

Muntasir, babban ma'aikacin shagon, ya kwance bayan akwatin ya ga ɗan abu ne ya ƙone. Ya ɗaga kai ya kalli wadda ta kawo, ya gane cewa babban aikin yana nan tsaye a gabansa.

Ya ce zai gyara yau, ya kai har Samaru da kansa. Abin da yake so a madadi ɗaya ne: duk mako ta turo masa ra'ayinta a kan fim ɗin, shi ma ya turo nasa.

Ta yi murmushi ta ce ta yarda, amma da sharaɗi. Ban da ƙarya, ban da bin bakinta don a burge ta. Sannan ta tambaye shi ko da gaske yana kallo.

"Ai ba ya wuce ni," in ji shi. "A gida nake kallo."

To, a nan ya fara tuntuɓe. Ɗakinsa na Chikaji babu talabijin, wayarsa kuwa ƙarama ce mai madannai. Amma ina mai gyaran talabijin zai buɗe baki ya gaya wa ɗalibar jami'a cewa shi ba shi da ita? Fim ɗin yana ganinsa, gaskiya ne, sai dai a shago, ranar Asabar da rana lokacin da ake maimaitawa. Kuma dokar Oga Akinola ce, talabijin shida da ke jere a bango ana gwaji, ko ɗaya ba a buɗe mata murya. Hoto kawai Muntasir yake gani, sauran labarin shi yake ƙirƙira a ransa.

Saƙon farko ya zo ranar Alhamis.

"Injiniya, kashin yau ya ba ni haushi. Mace ta yi kuka minti goma, kwallin idonta bai motsa ba. Kai me ka gani?"

Sai ranar Asabar ya amsa.

"'Yar Samaru, na lura uwar mijin nan ba ta taɓa shan ruwan da surukarta ta kawo ba. Takan karɓa ta ajiye. Gidan nan akwai magana a ƙasa."

Raudatu ta koma ta lura, ta ga haka ne. Duk gidansu babu wanda ya gano. Da ta tambaye shi dalilin jinkirin kwana biyu, ya ce shi mutum ne mai tauna magana kafin ya faɗa. Ta ƙara ganin girmansa, shi kuma ya ƙara jin nauyin kansa.

Wata bakwai suna haka. Saƙon fim ya koma saƙon "kin ci abinci?" Injiniya ya koma Nawa, 'Yar Samaru ta koma Hasken Ido. Yakan hau babur ya zo zance bayan La'asar, su zauna a ƙofar gida, ya kawo mata rake da ya fere da hannunsa. Sau da yawa yakan yi niyyar gaya mata gaskiyar maganar talabijin, sai ta yi dariya, ya fasa.

Mahaifinta, Malam Ahmadu, tsohon ma'aikacin jami'a ne da ya yi ritaya. A falonsa yana da kujera ɗaya da ba mai hawa, daga kanta yake yanke wa kowane fim hukunci. Yana kuma da nasa ɗan takara, Haladu, ɗan amininsa, mai digiri biyu da takalmi mai ƙyalli. Duk Alhamis Haladu yakan zo ya ci tuwon gidan, su kalli fim tare, duk abin da Malam ya ce ya amsa da "ƙwarai kuwa, Baba."

Ranar da aka ba Muntasir izinin shigowa gaisuwa, Haladu yana nan. Malam ya tambayi asali, ya tambayi sana'a, bai nuna komai a fuska ba. Can sai ya ce ya ji labari yaron masanin fim ne, to wa ya fi burge shi a ciki?

Muntasir ya ji daɗin tambayar. Ya ce Manaja Isuhu. Ya ce bai taɓa ganin mai ladabi irinsa ba: ba ya magana da surukinsa sai a durƙushe, ba ya haɗa ido da shi, kullum fuska a sake.

"In Allah ya ba ni surukai, Baba, haka nake fatan in zama musu."

A bayan labule, faranti ya kuɓuce wa Raudatu.

Abin da Muntasir bai sani ba, Manaja Isuhu shi ne macucin fim ɗin. Duk durƙuson nan da yake yi, murya takan fito daga zuciyarsa masu kallo su ji yadda yake shirin sayar da rumbun hatsin tsohon ya gudu. Yara ma a unguwa sun tsane shi. Hoto kuwa murmushi kawai yake nunawa.

Haladu ya rufe baki da hula yana dariya. Malam ya ce wa Muntasir ya gode da ziyara, Allah ya kai shi gida lafiya.

Kafin ya isa mahaɗar Kwangila saƙon Raudatu ya shigo.

"Wasa ka yi wa Baba, ko me? Isuhu fa ka ce. Don Allah ka gaya min abin da ban gane ba."

Ya tsayar da babur a gefen titi ya rubuta.

"Raudatu, ban taɓa jin muryar fim ɗin nan ba ko sau ɗaya. Ba ni da talabijin. A shago nake gani, babu sauti. Kunya ce ta sa na ce a gida, daga baya kuma kunyar ƙaryar ta fi ta farko. Ban cancanci ki amsa min ba."

Ba ta amsa ba kuwa, har kwana tara. Muntasir ya rame, ya daina ɗaga kai ya kalli bango. A rana ta goma ta rubuto.

"Da ka ce ba ka da ita, da dariya kawai zan yi. Sharaɗin farko da na gindaya maka, shi ka taka. Na gaya wa Baba komai. Ya ce da mai sha'awar macuci da maƙaryaci, bai ga na zaɓa ba. Ni dai har yanzu ban iya goge lambarka ba."

Ranar Asabar da rana sai ga Malam Ahmadu a ƙofar shago, shi kaɗai, ya ce ya zo ya ga wurin da idonsa. Oga Akinola ya share masa benci, ya shiga yabon Muntasir da Hausarsa mai gauraye da Turancin buroka, cewa shekara shida ko dunƙulen waya bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Malam ya ce ba wannan ya kawo shi ba.

Aka fara maimaicin fim ɗin. Malam ya zuba ido, ga Isuhu ya durƙusa, baki yana motsi, babu abin da ake ji. Ya gyaɗa kai ya ce lallai a haka ko shi sai ya ba mutumin nan 'ya. Minti kaɗan, kansa ya fara sunkuyawa. Muntasir ya juya masa fanka, ya koma gefe ya tsaya.

Sai da aka fara jero sunayen 'yan wasa Malam ya farka. Ya gyara hula, ya dubi saurayin.

"Barci na yi?"

Ga amsa mai daɗi a kusa, ga kuma ɗayar. Muntasir ya sunkuyar da kai.

"E, Baba. Tun daga inda ya durƙusa. Har da ɗan minshari."

Malam ya matso kusa da shi. Sannan ya yi ƙasa da murya ya ce shekara biyu ke nan bai taɓa ganin ƙarshen kashi ɗaya ba. Barci ke ɗauke shi, da safe matarsa Hajiya ta ba shi labari a ɗaki, ya fito falo ya yanke hukunci. Duk Alhamis yakan yi wa Haladu wannan tambayar, Haladu ya ce a'a Baba, ido kawai ka lumshe kana nazari.

"Ka yi wa 'yata ƙarya, wannan tsakaninku ne, ka je ka nemi gafararta," in ji shi. "In ta yafe, ka turo manyanka."

Ya je. Ta bar shi tsaye a ƙofar gida har aka kira Magariba kafin ta fito. Ya fara jero haƙuri, ta katse shi.

"Nawa, daga yau ni ce muryarka. Kai ka gani, ni in ji, mu haɗa."

"Na yarda, Hasken Ido. Amma kar ki rage min komai."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure a Samaru. Oga Akinola ya zo da iyalinsa cikin anko, ya yi rawa har ya fi dangin ango.

In ana maganar wa ya ci wa ya faɗi, Haladu ya rasa mata, ya rasa tuwon Alhamis, kuma har yau bai san a ina ya zame ba. Malam Ahmadu ya rasa kujerar alƙalanci, don ashe duk gidan sun daɗe da sanin barcinsa, kara kawai ake yi masa. Yanzu Hajiya ke faɗin ra'ayinta da bakinta, shi ya ce haka ne. Muntasir ya sha kunyar da ba zai manta ba, har yau abokansa Manaja suke kiransa, amma shi ya tafi da amarya. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya raba su da abin da za su ɓoye wa juna.