Aljanin da Ya Gaji da Ƙazafi

A gidan Maigandi, manomin shinkafa a bakin fadamar Argungu, jifan ya fara ne ana alwalar magariba. Tsakuwa ta faɗa cikin tukunyar tuwo, wata ta daki kwanon rufi, alhali babu kowa a bayan katanga.

Da hantsin ranar ne ma'aikatan lafiya suka zo da labarin sabuwar allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake yi wa jarirai. Matarsa Ma'u ta so a kai Ummaru, jinjirin da take goyo. Maigandi kuwa in ya kafe, ko jaki sai ya sallama masa. Ya kore su. A ganinsa ya san mai ɗaukar yara a gidansa, domin bara ɗansa Sunusi ya yi zafin jiki, ya yi ta jijjiga har ya cika. Tun daga nan kullum sai ya tsine wa aljanin tsamiyar bayan gida.

Jifa ya ƙi ƙarewa. Rannan da almuru, gari ya yi tsit, 'yarsa Riskuwa ta ajiye tsintsiya, ta zauna dirshan, ta soma magana da muryar tsoho. Tsoro ya kama Maigandi ƙwarai. Washegari ya ɗauko Malam Hodi, mai ruƙiyya daga Birnin Kebbi.

Malam ya daɗe yana karatu kafin ya ce, "Wa ak kai? Mi kaka so ga yarinyag ga?"

"Maƙwabci na," in ji muryar. "Tun kakan mai gidan ga nike nan, ban taɓa ɗan kowa ba. Na gaji da ƙazafi."

"Kai kak kashe min ɗa," Maigandi ya faɗa.

"Ina bisa reshe nig ga abin da yac cije shi. Sauro na. Kana yi mai hayaƙi, uwatai na roƙon ka a kai shi asibiti."

Ma'u ta rufe fuska da gefen zane.

"To, fita ka bar ta," in ji Malam.

"In fita, ƙaramin ga ya bi wancan, a ce ni na? A kai shi a yi mai allura, a bar zagina. Shi kaɗai nika so."

Malam ya juya ya dubi Maigandi.

"Na ɗauki alkawali," Maigandi ya ce a hankali. Sannan ya matso kusa da yarinyar. "Bawan Allah, gaya min gaskiya. Da na kai Sunusi asibiti, da ya tashi?"

Riskuwa ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta dube shi. Da muryarta ta ce, "Baba, ba ni ruwa."