Fankar da Muka Bari a Hanyar Karshi

Da la'asar sakaliya muka tsaya a rumfar Zacharias, mai sayar da kayan gyaran mota, domin mu sayi fanka. Ni ce da yayana Manniru, sai Baba a kwance a bayan mota kan katifa, tsakanin buhunan kaya, an ɗaura masa tamfol saboda rana.

Washegari da sassafe katafila za ta shiga layinmu a Durumi ta rushe gidaje. An shafa jan fenti a bangonmu, ba a ce mana ga inda za mu nufa ba. Waɗanda suka shafa fentin sun leƙa ɗaki, sun ga tsoho mai shanyewar ɓarin jiki wanda ya daɗe ba ya iya furta ko kalma ɗaya, amma hannunsu bai yi rawa ba. Gwaggo Rekiya ce ta ce mu kai mata shi Karshi.

Motar ta Baba ce, tsohuwar a-kori-kura da ta girme ni. Fankar injinta ta tsage, ga zafin bazara mai sa kwalta laushi. Tafiya kaɗan sai allurar zafi ta miƙe tsaye.

Zacharias ya ajiye fankokin lantarki biyu a kan benci. Ɗaya sabuwa ce, ƙarama, a cikin kwali. Ɗayar babba ce, baƙa, mai faɗin fukafukai.

"Oga Manniru, wannan babba shi ne zai riƙe ka a kan dutse," in ji shi. "Ƙarami ɗin nan na motar mata ne, ba na kaya ba."

"Daga ina ka ciro babbar?" Yaya ya tambaya.

Zacharias ya sosa ƙeya. "Motar hatsari ne. Ba zan ɓoye maka ba. Amma ƙarfe ba ya da laifi."

Yaya ya janye hannunsa. Tun muna yara Baba ya kafa doka cewa ko kusa ɗaya ta motar da ta sha jini ba za ta shiga motarsa ba. Na dubi bayan motar. Idanun Baba na kanmu, yana girgiza kai da iya ƙarfin da ya rage masa.

"Ɗaura ƙaramar," na ce.

"Anti Mashkura, dutsen Karshi ba ya jin roƙo fa."

"Motarsa ce. An ƙwace masa gida, ba zan ƙwace masa magana ba."

Zacharias ya ɗaure ta jikin lagireto da igiyoyin roba, ya ja wayarta kai tsaye zuwa batir. Muka kama hanya.

Muna rabuwa da gidaje hanya ta fara hawa. Babu mota gabanmu, babu bayanmu. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, amma iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take. Fankar tana ta ƙara, siririyar ƙara irin ta sauro. Allurar kuwa hawa take yi.

"Yaya, ta shiga ja."

"Na gani. In mun kai saman tudu za ta huta."

Ba mu kai ba. Wani abu ya fashe a ƙarƙashin bonet, tururi ya rufe gilashi. Yaya ya karkatar da mota gefen hanya, kusa da wani babban suri, inji ya mutu. Na fita da gudu zuwa wajen Baba. Leɓunansa sun bushe, numfashinsa na fita da gurnani. Na jiƙa mayafina na goga masa.

Sai a lokacin na lura da ruwan. Tafasasshe, mai launin tsatsa, yana kwarara daga ƙarƙashin mota, yana bin gangare, yana shiga wani rami a gindin surin. Daidai magariba. Babu wanda ya yi bisimilla, babu wanda ya ce a kauce. Kowace yarinyar Bahaushe ta san ba a zubar da ruwan zafi haka, domin ba mu kaɗai ke zaune a ƙasa ba.

Gyare suka yi shiru gaba ɗaya.

Daga cikin ramin, jariri ya tsala kuka.

Wari ya taso, ƙaurin gashi da fata. Yaya yana tsaye da jarka a hannu, ya gama ɗura ruwa a lagireto, ya kasa ajiye ta.

"Kada ki waiwaya," ya raɗa.

Na waiwaya.

Mace ce doguwa, ta lulluɓe kanta, tana rungume da abu a cikin tsumma. Tsumman yana hayaƙi. Ban ji takunta ba, ban kuma ga ƙafafunta ba. Ta wuce ni, ta tsaya gaban buɗaɗɗen bonet, ta miƙa abin cikin iskar fanka.

Kukan ya lafa.

"Wa ya zuba?" Muryarta ƙasa-ƙasa ce, kamar daga cikin tulu.

"Ba da gangan ba ne," na ce. "Mota ce ta tafasa. Ki yafe mana, baiwar Allah."

"Yana barci a ɗakinsa. Ko sallama."

 

Muka tsaya haka. Duhu yana sauka. Ƙarar fankar ta fara yin kauri, tana ja, fukafukan da ɗazu ba a ganinsu yanzu ana iya bin su da ido.

"Batir na mutuwa," Yaya ya raɗa. "In ya ƙare, a nan za mu kwana."

Baba ba zai kai safe a nan ba. Ina jin gurnaninsa daga inda nake.

"Mahaifina ne a baya," na ce. "Ba shi da lafiya. Ki bar mu mu tafi."

"Kada iskar ta tsaya."

"Za mu bar miki ita. Da fankar da batir ɗin, duka. Ki bari kawai mu tayar da inji."

 Ba ta hana ba.

Yaya ya san dabarar 'yan tasha: in inji ya tashi, ana iya cire batir mota ta ci gaba da tafiya, muddin ba ta mutu ba. Ya shiga. Ya murɗa makulli.

Inji ya ja wuta. Fanka ta tsaya cik.

Jaririn ya ƙwalla ƙara. A bayan mota Baba ya ƙwalla irinta, murya ɗaya, lokaci ɗaya.

Matar ta juyo da fuskarta gare ni. Ba zan faɗi abin da na gani ba.

Inji ya kama.

Yaya ya diro, ya yanke igiyoyin da wuƙa, ya kwance batir, ya kai shi gindin surin. Na rungumi fankar tana ƙona ni, na kai ta bakin ramin, na naɗa wayoyin a kan batir da yatsuna. Ta juya. A hankali, amma ta juya.

Wani abu mai sanyi ya shafi wuyana.

"Har yaushe za ta yi?"

Na san amsar. Na ruga.

Na faɗa bayan mota, na rungume kan Baba. Yaya bai taka birki ba har Karshi, ko a kwana, ko a rami, domin in inji ya mutu babu mai tayar da shi. Ina ta karanta duk abin da ya zo bakina. Ban ɗaga kai ba sai da na ji muryar Gwaggo tana salati.

Baba ya rayu. Yana ɗakin Gwaggo, yana shan kunu, yana gane mu. Likita ya duba shi, bai ga sabon ciwo ba.

Sai dai fankar ɗakinsa ba ta tsayawa. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, kafin fukafukanta su gama juyawa, tsohon nan yakan buɗe baki ya yi kukan jariri, fatarsa ta yi zafi har ba ta taɓuwa. Wuta kuwa a Karshi zuwa take yi ta gaishe mu ta koma.

Ni da Yaya muke karɓa-karɓa da mafici. Jiya hannuna ya sage, na dakata in sauya hannu. Kafin Baba ya fara kukan, wata murya a bayan taga ta ce, ƙasa-ƙasa:

"Ci gaba."