Dabaibayin Landirobar Ɗanliti

Ana saukowa daga sallar Juma'a Gide makanike ya koma gindin ɗorawar da yake aiki, a bakin kasuwar Faskari, ya tarar farfelar gaba ta Landirobar Ɗanliti ba ta nan. Da safe shi da kansa ya rataye ta a reshe da igiyar rama, don kada ƙasa ta ɓata giris ɗin da ya shafa mata. Igiyar tana nan, ƙarfen babu.

Saje Harisu ɗan sanda ya iso yana tura kekensa, don tayar baya ta yi faci tun Laraba kuma bai samu zuciyar gyara ta ba. Ya gaji da aikin nan, ba ya ma ɓoyewa. Tun da aka raba wa ma'aikata kuɗin Udoji sa'o'insa suka watse, wannan ya zama ɗan kwangila, wancan ya sayi Fijo, shi kuwa yana nan yana bin sawun akuya. Ya jingine keken, ya dubi motar, ya ce a ransa ɓarawon da ya zo nan ma abin tausayi ne.

A gwanjo Ɗanliti ya sayi motar a Funtuwa, gawa sosai, sai da babbar mota ta jawo ta. Tun kaka Gide ke fama da ita. Tankin mai da ke yoyo an toshe shi da sabulun salo, inda robobin sifirin suka cinye an yanka tsohuwar taya an cusa, kujerun baya katako ne, fenti kuwa da burushi aka shafa, kore irin na ƙofar shago. Duk da haka ta tashi, har ta zaga kasuwa yara suna bin ta. Abu ɗaya ya rage, farfelar gaba, wadda Ɗanliti ya sha yawo kafin ya samo ta a wurin masu tsoffin ƙarafa a Zariya.

Saje ya tambayi amfaninta. Gide ya ce ita ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin gaba. In babu ita motar za ta yi gudu lafiya lau a kan kwalta, amma ta shiga taɓo ko yashin rafi, nan za ta kwana.

"Ni kuwa don rahi na saye ta," in ji Ɗanliti. Saurayi ne dogo, idanunsa sun yi ja. Ya ce gidansu yana bayan Tafoki ta hanyar Sabuwa, ƙetaren rafi, inda mota ba ta zuwa da damina. So yake ya riƙa shigar da takin zamani yana fito da hatsi, yana kwana a gida. "In ba a gan ta ba, Saje, jibi Lahadi zan tahi da motar Huntuwa in yi haya bisa kwalta. Ba ni iya zama ina kallon ta har kaka."

Mutanen da suka taru sun riga sun yanke hukunci. Wa ya rage a kasuwa lokacin salla? Ɗanhausa maƙeri, Bamaguje, wanda maƙerarsa ke kallon ɗorawar. Saje ya bar su suna ta surutu, ya zaga motar a hankali. Batir yana nan, sifanun Gide suna nan a buhu, jak yana nan. An cire murfin inji tun safe, amma an lulluɓe injin da kabido, irin rigar ruwan kaba da manoma ke yafawa, an danne gefensa da duwatsu saboda hadarin da ke haɗuwa a gabas. Ya ɗaga kai ya dubi igiyar. Ba a yanke ta ba. Kwance ta aka yi, aka naɗe ta tsaf, aka sake ɗaure ta a reshen.

Ya fara da maƙerin, don a huta. Ɗanhausa bai ko ajiye guduma ba. Ya ce shi wuta yake kallo, damina ta zo, kowa garma yake so, bai ga kowa ba.

"An ce ƙarfe ba ya wuce ka," in ji Saje.

"Wane ƙarhe?" Ɗanhausa ya nuna tarin karyayyun sifirin da Gide ya zubar a bayan motar. "Ga abin garma can, wata nawa ina roƙon Gide ya sayar mani. Wancan da ya ɓata bututu ne, cikinshi hanko. Ko lauje ba ya yi."

Saje ya je ya duba tarin. Ciyawa ta fito ta tsakaninsa, ba wanda ya taɓa shi. Ya cire maƙeri daga lissafi.

Gide kuwa da aka zo kansa, rantsuwa ya shiga yi tun ba a tambaye shi ba. Saje ya bar shi ya gama, sannan ya tambaye shi wa zai sayar wa farfelar Landiroba a ƙasar nan. Gide ya yi tunani, ya ce daga nan har Ƙanƙara bai san mai irinta ba sai wani Bature mai haƙar rijiya, shi ma tasa sabuwa ce. Ba wannan ne ya wanke shi ba. Saje ya dubi wurin aikinsa ne, ko'ina guntayen waya da igiya da roba, duk yankakku. Mutumin da ke yanka waya da haƙori ba zai tsaya naɗe igiyar rama ba.

"Wa ya rufe injin?"

Gide ya ce ai Ɗanliti ne. Ɗanliti ya ce shi ya ɗauka Gide ne. Saje ya tambayi Ɗanliti su wa ya taɓa nuna wa farfelar, ya ce duk wanda ya tsaya, har da babansa, Malam Mani, da ya zo Juma'ar da ta wuce. Tsohon bai son zancen motar, da an fara sai ya tashi, amma ran nan ya tambayi mene ne wannan, aka ce masa shi ke tafiyar da ƙafafun gaba. Yayyen Ɗanliti fa? Sanusi yana Kaduna wurin gini, ɗayan yana Legas, ko da salla ba su zo ba. Saje ya naɗe kabidon ya ɗaure a bayan kekensa, ya ce kowa ya tafi gida.

An yi ruwa da la'asar ɗin nan. Washegari ya liƙe tayarsa ya kama hanya, kuma bai ji daɗin tafiyar ba ko kaɗan. Bayan Tafoki laka ta riƙe keken har sai da ya saɓa shi a kafaɗa, ya ƙetare rafin ruwa yana kai masa gwiwa. Gonaki ya riƙa wucewa an yi shuka rabi an bar rabi, masu noman duk tsofaffi.

Ya tarar da Malam Mani a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya, yana tari. Jakinsa na kiwo a gefe, an yi masa dabaibayi a ƙafafun gaba. Saje ya dubi ƙullin igiyar, irin na reshen ɗorawa ne sak. Suka gaisa, aka tambayi ruwa, aka tambayi gajiya, aka kawo fura. Sai da ya sha sannan ya kwance kabidon ya ajiye a gaban tsohon.

"Baba, ka yi mantuwa a Faskari. Ga shi ruwa ya dake ka a hanya."

Malam Mani ya daɗe yana kallon kabidon. "Wa ya gan ni?"

"Ba kowa." Saje ya yi masa bayani ba tare da ɗaga murya ba. Ɓarawo yanka igiya yake, manomi ne ke kwancewa ya adana. Ɓarawo da batir zai tafi, mai sayuwa ko'ina. Kuma tun da yake aikin ɗan sanda bai taɓa ganin ɓarawon da ya tuɓe rigar ruwansa ya rufa wa abin da ya zo sata ba. Wanda ya yi wannan ba ya son motar ta lalace, so yake kawai kada ta tafi. Ana sallame salla tsohon ya fito, kafin Gide ya gama gaishe-gaishe ya riga ya ɗora wa jaki.

Tsohon bai musa ba. Ya ce 'ya'yansa biyu mota ta ɗauke su, kullum ana cewa za su zo, ga gona ta fi ƙarfinsa. Wannan na ukun da hannunsa yake haɗa abin da zai ɗauke shi. "Ban sace ba, ɗana. Dabaibayi na yi mata. Dabba in ka ɗaure ƙahwar gaba, ina za ta? Na ce in ruwa ya zauna, ya yi noma, in maida mashi abinshi."

Saje Harisu ya ji tausayinsa har ya rasa ta inda zai fara. Ya fi son a ce ɓarawo ne na gaske, ya sa masa ankwa ya huta.

"Baba, mota ba jaki ba ce. Da ƙafafun baya take tafiya. Ba wannan ƙarfen ma za ta kai Kaduna, ta kai Legas. Rafinku ne kaɗai ba za ta iya ƙetarewa ba sai da shi. Don ya riƙa kwana a gidan nan Ɗanliti ya sha wahalar nemo shi. Yanzu ya ce tunda babu, gobe zai tafi Funtuwa haya."

Malam Mani ya ajiye fartanyar. Can ya ce, a hankali, "Ashe ƙahwar zuwa gida na ɗaure, na bar mata ta tahiya."

Ya tashi ya hau rumbu da kansa, bai yarda a taimake shi ba. Ya sauko da farfelar a naɗe cikin buhu, an shafe ta da man gyaɗa don kada ta yi tsatsa. Saje ya ce ya kawo ya ɗaura a keke, zai ce a bakin hanya aka tsince ta, magana ta mutu. Tsohon ya girgiza kai, ya ce an zargi maƙeri a kan laifinsa, shi zai faɗa da bakinsa a gindin ɗorawar.

Gabas ta sake yin baƙi, kuma in ruwan nan ya sauka rafin ba zai ƙetaru ba sai ya janye. Malam Mani ya ɗora ƙarfen a kan jaki, ya yafa kabidonsa, ya durƙusa ya kwance dabaibayin.

"Kai kana da keke," ya ce. "Yi gaba, ka ce mashi ya jira ni."