Garkuwa Biyu a Ƙofa Ɗaya

Ƙarfe tara na safe aka bugo wa Sufeton 'yan sanda waya daga masana'antar sabulu. Tankin ruwan da ke bayan sito ya rufto, ya danne dattijon da ke share harabar. Kafin Sufeto ya iso an rufe gawar da leda, ruwa kuma na ta bin kwata.

Sufeto ya tsuguna ya kankare ƙafar tankin da makullin motarsa. Fenti sabo fil, a ƙarƙashinsa kuwa tsatsa ta cinye ƙarfen.

Manajan masana'antar, wani tsaf-tsaf mai ƙamshin turare, bai jira tambaya ba. Ya ce duba irin wannan aikin jami'ar kula da lafiyar ma'aikata ne, kuma ba ta taɓa kawo masa ƙorafi ba. Ma'aikata na kiran matar Hular Kwano, saboda ko baƙo ne ya shigo sai ta kifa masa ita.

A ofishinta Sufeto ya same ta, idanu jawur. Matar mamacin ta riga ta tsine mata a gaban jama'a, Saje, abokin aikin Sufeto, kuma ya fara laluben ankwa. Hular Kwano ta rantse cewa mako biyu da suka wuce ta nuna wa Manaja tsatsar, ya ce zai duba. Da ta ga fenti kawai aka shafa, sai ta rubuta rahoto ta tura ta imel ga mai masana'antar, wanda ke ƙasar waje.

"Mai masana'anta ya ce bai ga komai ba," in ji Sufeto.

"Wallahi na tura, ranka ya daɗe. Manaja da kansa ya gyara mini kwamfutar a ranar, ya ce tana nauyi."

Manaja ya yi murmushin tausayi, ya ce shi tunda yake bai taɓa ko leƙa kwamfutarta ba.

Sufeto ba gwanin kwamfuta ba ne, da yatsa biyu yake bugawa kamar kaza na tsattsagar tsaba. Amma a bara ya sha wata wahala da bai manta ba. Kwana huɗu saƙonni na shigo masa, nasa ba sa fita, har maigidansa ya zage shi tas, kafin a gano an ɗora masa sabuwar manhajar tsaro a kan tsohuwa.

Ya sallami kowa, ya zauna a kujerarta. Babu rahoton tanki a cikin saƙonnin da aka tura, kuma wannan bai yi mata kyau ba. Sai ya rubuta wa kansa kalma ɗaya ya danna turawa, ya zuba wa wayarsa ido. Shiru. Ya buɗe akwatin saƙonni masu jiran fita, ya tarar da nasa a kwance tare da wasu uku. Ya karanta su a hankali, a kan na ƙarshe ya daɗe. A kusurwar allon kuma ga 'yan alamun garkuwa guda biyu na manhajar tsaro, koriya da ja.

Aka kira ma'aikacin da ke kula da kwamfutocin wurin, wanda ake ce wa Injiniya. Yana ganin jar garkuwar ya ɓata rai, ya ce koriya kaɗai suke amfani da ita.

"Me ke faruwa idan sun haɗu?"

"Kamar masu gadi biyu ne a ƙofa ɗaya, yallaɓai. Kowa ya ce sai shi zai binciki mai fita, su riƙe shi suna ja. Mai shigowa yana wucewa, shi ya sa ba a saurin lura."

"Yaushe aka sa jar garkuwar?"

Injiniya ya duba ya ce huɗu ga wata, kuma ba a sa manhaja sai da kalmar sirri. Su biyu suka san ta, shi da Manaja. Ya ƙara da cewa ranar ba ya nan, yana hutu. Sufeto ya buɗe rajistar ƙofa ya nuna masa sa hannunsa a ranar huɗu. Gumi ya karyo wa Injiniya. Ya amsa cewa ya zo, amma ya sulale tun hantsi ya tafi gyaran kwamfutocin wata makaranta a ɓoye, yana tsoron kora. Makarantar ta tabbatar da haka a waya.

Sufeto ya yi ta juya abin a ransa. Maganar mace mai jiran ankwa ce a gefe guda, ta mai ƙamshin turare a ɗaya gefen, kuma ya san wadda aka fi saurara. Abin ya dame shi ƙwarai.

Bayan azahar ya tara su ukun a ofishin. Ya sake tambayar Manaja ko ya taɓa kwamfutar nan, Manaja ya ce ko sau ɗaya. Sufeto ya ce wa Injiniya ya kashe jar garkuwa. Saƙonnin da suka maƙale suka fice ɗaya bayan ɗaya. Wayar Sufeto ta yi ƙara, sannan ta aljihun Manaja.

"Karanta mana," in ji Sufeto.

Manaja ya ciro wayar, ya duba. Sufeto ya karɓa ya karanta a fili: "Yallaɓai, na gode da ka bar aikinka ka zauna gyara mini kwamfuta yau. Allah ya saka da alheri." Kwanan watan da ke kai huɗu ga wata ne.

Hular Kwano mace ce mai kunyar yin godiya ido da ido, shi ya sa take rubutawa. Manaja kuwa da ya lallaɓo kan kwamfutar da safen nan yana sauri, kalmar tanki kawai ya nema ya goge. Bai san jar garkuwar na ajiye kwafin duk abin da ta tare ba. A nan Injiniya ya tono rahoton, da hotunan tsatsa.

Manaja ya zauna ba tare da an ba shi kujera ba. Ya ce mai masana'anta zai zo ƙarshen wata don zaɓen wanda zai riƙe sabon reshe, shi kuma ya riga ya shaida masa an gyara tankin. Mako uku kawai yake so saƙon ya jira. Bai yi nufin kowa ya mutu ba.

Saje ya sa masa ankwar da aka ɗauko don wata, ya fita da shi ta gaban ma'aikata.

Hular Kwano ba ta yi murna ba. Ta ce da ta leƙa akwatin nan sau ɗaya, da dattijon na nan yana shararsa. Sufeto ya ce da kansa zai je ya gaya wa matar mamacin gaskiya. Kafin ya tashi ya sa Injiniya ya tura rahoton yadda yake, don a ga ko hanya ta buɗe.

Minti shida aka yi amsa ta shigo. Mai masana'anta bai ko lura da kwanan watan ba. Ya rubuta: "A zubar da ruwan tankin nan yanzu, kada a bar kowa ya matsa kusa da shi."