Motar Mai Shari'a Pappas

Ranar Asabar da safe Mai shari'a Heather Pappas ta kira ofishin 'yan sandan garin Bathurst ta ce an sace mata mota a ƙofar gida. Kafin rana ta take aka gano motar a bayan asibiti, a kulle, an ajiye makullin bisa tayar gaba.

Sajan Noeline Varga ta zagaya motar a hankali. Ba a fasa komai ba. An jawo kujerar direba gaba sosai. Kujerar baya a jiƙe take tana ƙamshin sabulu, amma ƙarnin amai bai gama fita ba. Tayoyin kuwa sun sha jan laka irin na bakin kogi.

Ta fara bincike da Clint Dobbs, mai askin tumaki, wanda ya zazzagi Mai shari'ar ranar da ta ƙwace masa lasin tuƙi.

"Ina kake jiya, Clint?"

"Rumfar aski, ni da tumaki har faɗuwar rana. Je ki tambaye su mana."

"Kai ka ce sai Mai shari'a ta gane kurenta. Ga shi an ɗauke motarta, har an wanke mata kujera."

"Na faɗa. Amma Sajan, ni da rabona da wanke tawa motar tun bara, ta wata zan wanke?"

Noeline ta dube shi, zanƙalele, kansa na gogar saman ƙofa. Ba zai shiga waccan kujera da aka jawo gaba ba, mai gonar da yake yi wa aiki kuma ya tabbatar da zancensa.

A asibiti wata nas ta ce jiya da yamma an kawo wata ɗaliba, Imogen, giya ta kusa kashe ta. "Ƙawarta da ta kawo ta tana ciki, ta ƙi tafiya gida."

Ƙawar ita ce Talei Rokovada, 'yar gajeruwa, idanunta sun kumbura. Tana ganin kaki ta miƙe tsaye.

"Zauna, 'yata. Ke kika ɗauki motar?"

"Ni ce. Mun gama jarrabawa ne muka je gasa nama bakin kogi. Imogen ta yanke jiki ta faɗi, numfashinta sama-sama. Na ce a kira motar asibiti, sauran suka ce 'yan sanda za su biyo, a kore mu daga jami'a. Suka watse. Wayata ba caji. Sai na hangi mota da makulli a ciki. Na rantse ban sha komai ba."

"A ina kika hango ta?"

"Nan bakin kogin, ƙarƙashin bishiya."

Noeline ta sami Mai shari'ar a gida, a teburin cin abinci, takardun kotu sun rufe shi har ba wurin ajiye kofi.

"Ranki ya daɗe, ɓarawo ba ya wanke kujera, ba ya barin makulli. Ɗaliba ce ta kai ƙawarta asibiti. Abu ɗaya ya rage mini: ƙofar gidanki siminti ce, lakar kogi kuma ke jikin tayoyi."

Heather ta cire tabarau ta daɗe tana murza idanu.

"Duk Juma'a in na tashi daga kotu can bakin kogin nake zuwa in zauna cikin mota," in ji ta. "Jiya tun safe nake yanke hukunci, na ƙarshe na raba uwa da 'ya'yanta. Daidai na yi, Sajan, amma kukanta ya biyo ni. Na shanye kwalbar giya guda. Na san bai kamata in tuƙa ba, na tako da ƙafa, na manta makulli. Da safe na koma babu mota. Kunya ta hana ni faɗin inda na bar ta."

"Wa kike gaya wa in abin ya yi miki nauyi?"

"Wa zan gaya wa? Ni ake kawo wa." Ta ɗago kai. "Yarinyar da aka kai asibitin fa?"

"Ta farfaɗo. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da yanzu wani zance ake."

"To rubuta cewa aron motar na ba ƙawarta."

"Ƙarya ba zan rubuta ba, ranki ya daɗe. Zan rubuta inda motar take, da cewa kin janye ƙara. Ke kuma ranar Litinin ki ga likita kafin ki ga kotu."

Heather ta gyaɗa kai. "Kai ni wurinsu."

Da suka shiga ɗakin, Imogen na barci. Talei ta ji sunan baƙuwar, ta fashe da kuka tana ba da haƙuri.

"Ba shari'a na zo yi ba," in ji Heather, ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. "Kin ci wani abu tun jiya?"

Talei ta girgiza kai.

"Ni ma haka. Sajan, ko za ki taimaka mana da shayi biyu?"